Daga Mutarazi zuwa Mosi-oa-Tunya, a Shekarar Ambaliya da Fari

Aiki ne ya kai ni Harare, babban birnin Zimbabuwe, a watan Nuwamba na 2019, da muka kammala kuma sai na tarar ina da sauran kwana tara kafin ranar tashina. A makonnin nan duk wanda ya buɗe waya sai ya ci karo da hotunan mafaɗar ruwa ta Biktoriya, wadda ke kan kogin Zambezi a iyakar Zimbabuwe da Zambiya: baƙin dutse tsirara, ga ɗan siririn ruwa yana tsiyaya a gefe guda. Shugaban Zambiya na lokacin, Edgar Lungu, shi ma ya saka irin hotunan nan a watan Oktoba, yana nuna wa duniya abin da sauyin yanayi ke yi. Niyyata in wuce can kai tsaye, tunda gani ya kori ji. Wata abokiyar aiki 'yar ƙasar ce ta juya mini akalar tafiyar. Ta ce in dai ruwan da ke faɗowa daga dutse nake son in gane, in fara da gabas inda tsaunuka suke, domin a can ruwa ya yi ta'adi wata takwas da suka wuce. In na ga inda ya yi yawa, sai in je in ga inda ya ƙi zuwa.

Na bi shawararta, kuma har yau ina gode mata.

Hanyar da ta fita daga Harare ta nufi gabas ba ta da abin kallo a wannan wata sai ƙura da jiran tsammani. An yi huɗa an bar gonaki a buɗe, shanu haƙarƙari a waje, sama fayau babu ko ɗigon gajimare. A can damina daga Nuwamba take farawa ta kai Maris, don haka lokacin da na je shi ne ƙarshen bazararsu, zafi ya kai inda ya kai. A Rusape muka bar babbar hanya muka kama hawa zuwa Nyanga. Cikin abin da bai fi sa'a ɗaya ba iska ta sake, na ɗaga gilashin mota saboda sanyi. Nan ne tsaunin Nyangani yake, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Zimbabuwe, mita 2,592.

Mafaɗar ruwa ta Mutarazi, da ke yankin na Nyanga, ba ta yi wa baƙo shela. Za ka ajiye mota ka bi wata 'yar siririyar hanya cikin ciyawa, kana ta sauraron rugugi ba ka ji ba, kwatsam sai ƙasa ta ƙare a gabanka. Kwarin Honde ne can ƙasa, kore shar, gonakin shayi da rufin gidaje kamar an watsa tsakuwa. Daga gefen dama ga ruwan, fari fat, siriri kamar zaren da aka saki daga mazari, yana sauka hawa biyu, tsawon da ya haura mita 750. Babu mafaɗar da ta kai ta tsawo a duk ƙasar. Ranar da na je ruwan ya yi ƙaranci har iska tana wasa da shi. In ta kaɗa sai zaren ya karkace ya tarwatse ya zama feshi, ka rasa ko akwai abin da ke isa ƙasa.

Ma'aikacin gandun da ya raka ni matashi ne marar yawan magana. Na tambaye shi wane kogi ne ke ciyar da ita, ina zaton zai nuna mini wani gulbi. Sai ya ja ni muka koma baya kaɗan ya nuna mini wata ƙorama wadda mai ƙarfin ƙafa zai iya tsallakewa. Ita ke nan. Abin ya tsaya mini a rai. Babu tabki a sama, babu ƙanƙarar da ke narkewa irin ta tsaunukan Turai, an kuma yi watanni ba a yi ruwan kirki ba. To daga ina ƙoramar take samun abin da take zubarwa dare da rana?

"Taka nan, yallaɓai," ya ce.

Na taka wani wuri mai gajeriyar ciyawa wanda a ido busasshe ne. Ƙasar ta lotsa, baƙin ruwa ya tsattsafo ya zagaye takalmina. Ya ce duk saman tudun nan haka yake a wurare da yawa, ciyawa ce da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye na shekaru aru-aru suka haɗu suka zama kamar soso. Damina ta cika shi, shi kuma ya riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan har wata daminar ta kewayo. Ban da haka akwai wani hazo mai yayyafi da suke kira guti, wanda iskar Tekun Indiya ke korowa ko da rani, ya kwana biyu ko uku a kan tsaunin yana jiƙa komai. Ya ce a ƙuruciyarsa wurin da na taka ɗin nan sai mutum ya nutse har idon sawu, yanzu kuwa gefen fadamar yana ja da baya.

A nan na fara gane abin da sauran tafiyar ta yi ta nanata mini. Mafaɗar ruwa ba ta da ruwan kanta. Abin da tudu ya ajiye shi take fitarwa, don haka in ka tsaya a gabanta labarin ƙasar da ke bayanta kake karantawa. Kuma ƙaramar mafaɗa ta kan tsauni rumbunta ƙarami ne. Damina ɗaya in ta gaza, a cikin shekarar za ka gani a jikinta.

A hanyar dawowa ya nuna mini wani abu da ni da farko na ɗauka ado ne. Gangaren tsaunuka da yawa a yankin a rufe suke da itatuwan katako da aka shigo da su daga wasu nahiyoyi, dogayen fayin masu ganye kamar allura, da turare, da wata ƙirya ta Ostareliya. An dasa su gandu-gandu, su kuma suka tsallake iyaka suna cin filin ciyawa. Ni da na saba jin cewa dasa itace alheri ne a ko'ina, sai na ji ana cewa a nan waɗannan suna cikin masu shanye ƙoramu. Gaskiya ne kuwa, an shafe shekaru da dama ana auna wannan a tsaunukan Afirka ta Kudu, aka tabbatar cewa in aka maye ciyawar tudu da irin waɗannan itatuwa, ruwan da ke isa rafi yana raguwa, musamman da rani. Saiwarsu tana zurfi, ganyensu ba ya hutawa. Ga kuma gobarar daji, wadda ke ƙaruwa duk shekarar da rani ya tsawaita. In wuta ta ci ciyawar sama ba laifi, tana tohowa. In ta samu soson nan a bushe ta shiga cikinsa, abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa sai ya zama toka.

Kashegari muka gangara Mutare, daga nan muka yi kudu, tafiyar kilomita kusan 150 zuwa Chimanimani. Tun kafin mu isa direban ya daina hira. A wurare da yawa kwalta ta yanke sai a ratse ta cikin ƙasa, gadoji na wucin gadi, ga karyayyun tsofaffin a gefe da ƙarafuna a waje. Sannan tsaunukan suka bayyana. Kowane gangare da jajayen zane daga sama har ƙasa, kamar wata babbar dabba ta sa farce ta yakushe su. Ban iya ƙirga su ba. Kowane zane ɗaya zaftarewar ƙasa ce.

Mahaukaciyar guguwar Idai ta afka wa gaɓar Mozambik kusa da birnin Beira a daren 14 ga Maris na 2019. Daga nan ta shigo cikin ƙasa, ta zo ta ci karo da waɗannan tsaunuka da ke kan iyaka, tsaunuka kuwa aikinsu ke nan, su tilasta wa iska mai ɗauke da danshi ta hau sama ta sauke kayanta. Daren Juma'a 15 ga wata ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ɗaruruwan milimita cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙasar gangare ta sha har ta kasa riƙe kanta, ta sulale a kan dutsen da ke ƙarƙashinta, ta kwaso itatuwa da manyan duwatsu ta yi ƙasa da su cikin duhu, mutane suna barci. A unguwar Ngangu da ke gindin tsauni na ga duwatsu masu girman ɗaki a zaune a inda gidaje suke a da. An gaya mini cewa a Kopa, inda koguna suka haɗu, abin ya fi haka muni, wuri guda aka share aka bar filin duwatsu. Sama da mutum 340 aka tabbatar sun rasu a Zimbabuwe, wasu ɗaruruwa ba a gan su ba, wasu gawarwakin a Mozambik aka tsince su. In aka haɗa da Mozambik da Malawi, rayukan sun haura 1,000. Allah ya kyauta.

Na ji nauyin tambayar hanyar mafaɗar ruwa a garin da ruwa ya yi wa haka. Amma mai masaukina da kansa ya ce in je, ya haɗa ni da wani saurayi mai ja-gora, shi kuma ya ce sai mun biya mun ɗauki kakansa, domin tsohon ya san wurin tun kafin a haifi uban saurayin. A can dattijo Sekuru ake ce masa, haka na riƙa kiransa.

Mafaɗar da ke kusa da garin Turawa suka sa mata suna Bridal Veil, wato mayafin amarya, saboda yadda ruwan ke bazuwa fari a jikin dutse, tsawon mita kusan 50. A ƙafa muka tafi. Mayafin yana nan, sai dai ya yi shara-shara. Abin da ya canja shi ne duk abin da ke gindinsa. Sekuru ya tsaya a kan wani tulin duwatsu ya dogara sandarsa, yana magana jikan yana fassara mini. Ya ce inda muke tsayen nan inuwa ce a da, itatuwa sun haɗe kai rana ba ta taɓa ƙasa, duwatsu duk gansakuka, ga sanyi ko da tsakar rana. Yanzu rana ce ƙwal a kanmu. Gungumen itatuwa a kwance sun yi fari, an ɓare musu ɓawo kamar da wuƙa. Ya nuna mini wani tabo a jikin dutse can sama da kaina, ya ce nan ruwan ya kai.

"Ɗana," ya ce, "ruwa shi kaɗai ba ya yin haka. Duwatsu ne suka yi tafiya. Da kunnena na ji su, kamar ana ta harba igwa har gari ya waye."

Maganarsa ta yi daidai da abin da masana ƙasa ke faɗa. Ruwan yau da kullum, komai daɗewarsa yana zuba, kaɗan yake ci daga jikin dutse. Babbar ambaliya ce ke sassaƙa mafaɗa, domin ita ke ɗauko duwatsu ta mayar da su guduma. Su ke fasa leɓen da ruwan ke faɗowa daga kai, su ke haƙa gurbin da ke ƙasa ko su cike shi, wani lokaci ma su toshe hanyar ƙorama su tura ta wani gefe. Aikin da za a yi zaton na shekara ɗari ne sai a gama shi a dare ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan tsirrai da ƙananan halittun da ke rayuwa a cikin feshin nan, waɗanda duniyarsu ba ta wuce 'yan taku daga ruwan ba. Ambaliya ta kankare su, ta tafi da inuwar da ke kare su, sai kuma fari ya biyo baya ya gasa dutsen. Ta ina za su fara dawowa?

Na yi wa Sekuru tambayar da nake ganin kowa zai yi. Na ce, duk ruwan nan da ya sauka a Maris, ai ko ba komai ya kamata a ce ƙoramu sun ƙoshi bana. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan da ya zo da gudu da gudu yake tafiya. Cikin mako guda yana teku. Wanda ke shiga ƙasa shi ne mai sauka a hankali, kwana da kwanaki, irin wanda mutum zai fita cikinsa ya yi aiki. Daminar da Idai ta zo a ƙarshenta ma ai ta yi rowa, amfanin gona ya riga ya ƙone a wurare da yawa kafin guguwar ta iso. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ciyawa ta yi ƙaranci, sai ga ruwan wata da watanni a dare biyu. Bai samu mai tare shi ba. Inda kuma ƙasar ta zaftare, soson gaba ɗaya ya tafi, saura dutse.

Daga nan ya ce akwai wadda yake so in gani. Muka yi tafiyar kusan rabin sa'a muna hawa, har muka iso wani lungu inda dutse ya yi tsaye kamar bango, bai fi tsawon mutum shida ba. A jikinsa akwai baƙin zane mai sulɓi daga sama zuwa ƙasa, shaidar ruwa ya daɗe yana bi. Babu ko ɗigo. A gindinsa ɗan gurbi cike da yashi da busasshen ganye. Ba ta cikin taswira, babu wanda ya taɓa auna ta, baƙi ba sa zuwa. Ya ce yana yaro a nan suke shayar da awaki, kuma bai taɓa ganin ta yanke ba sai a farin 1992. Daga baya ta koma yankewa duk shekarar da ta yi tsanani. Yanzu kusan kowace shekara sai ta yi shiru kafin damina. Ya durƙusa ya tona yashin da hannu har kusan gwiwar hannu, sannan ya kamo hannuna ya sa a ramin. Da ɗan danshi a ƙasa.

Ba zan ɗora wa sauyin yanayi komai ba, domin idona ya ga hannun mutane a wurin. Na ga gandun katako har bakin ƙorama. Na ga inda masu haƙar zinare suka birkice gaɓar rafi ruwan ya koma ja. Na ga gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa saboda babu wani filin. Guguwa kuma ba baƙuwa ba ce a yankin, tsofaffi suna tuna Eline ta shekarar 2000. Amma akwai lissafin da ba ya canjawa: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Duniya ta riga ta ƙara fiye da digiri ɗaya a kan yadda take kafin zamanin masana'antu, kudancin Afirka kuma yana ɗumama fiye da matsakaicin duniya. Iska mai zafi ta fi tsotse danshin ƙasa da rani, ta fi kuma zubar da shi da yawa a lokaci guda in ta tashi zubarwa. Ana iya tara ruwan shekara a ma'auni a ga bai ragu sosai ba, alhali ƙorama ta mutu, saboda yadda ruwan ya zo ya canja. Wannan ne abin da tsohon ya nuna mini da hannunsa a cikin yashi.

Daga Chimanimani zuwa ɗaya ƙarshen ƙasar tafiyar kwana biyu ce, ba kuma zan tsawaita a kanta ba. Mun haye kogin Save ta gadar Birchenough, wadda aka gina a 1935, ƙarƙashinta yashi ne fetal da 'yan jijiyoyin ruwa, mata suna tonon rami suna ɗiba. Yashin nan wani ɓangarensa ƙasar tudu ce da ruwa ya kwaso shekara da shekaru. Muka bi ta Masvingo muka kwana a Bulawayo cikin duhu, domin a lokacin ana ɗauke wuta har sa'a 18 a rana. Daga Bulawayo saura kilomita kusan 440, ta gefen gandun dajin Hwange, inda aka ba da rahoton mutuwar giwaye sama da 200 a watannin nan saboda yunwa da ƙishirwa.

Mafaɗar Biktoriya, mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. David Livingstone, Bature mai yawon bincike da ya iso a Nuwamban 1855, shi ya laƙaba mata sunan sarauniyar Ingila. Faɗinta mita 1,708, zurfinta ya kai mita 108 a inda ya fi zurfi. In kogin Zambezi ya cika, ana hango hayaƙin daga nisan kilomita masu yawa. Ni sai da muka shiga gari na hango shi, ɗan fari-fari a saman itatuwa.

Ta ɓangaren Zimbabuwe hanyar kallo tana bin gaban mafaɗar daga yamma zuwa gabas, kuma tafiyar nan tamkar ana karanta maka shekarar ce daga farko zuwa ƙarshe. A farkon hanya, kusa da gunkin Livingstone, ruwa na zuba da ƙarfin da za ka ji a ƙirjinka, domin leɓen dutsen ya fi ƙasa a nan, duk abin da ya rage a kogin nan yake tattaruwa. Gaba kaɗan babbar mafaɗar tana nan tana rugugi, feshi ya jiƙa ni sharkaf, bakan gizo a tsaye cikin kwazazzabo. Wanda ya ce ta ƙafe bai faɗi gaskiya ba. Sai dai ina ƙara gaba ƙarar tana raguwa. Feshi ya ɗauke. Bangon da ke fuskantata ya koma baƙin dutse, tsawon ɗaruruwan mita, da fararen zane inda ruwa ya saba bi. A ƙarshen hanya na tsaya ina jin kukan tsuntsaye a cikin kwazazzabon, abin da aka ce ba ya yiwuwa a watan Afrilu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk tsagar da ke jikin dutsen nan a fili take, har da waɗanda kogin zai bi ya buɗe sabuwar mafaɗa nan da dubban shekaru, kamar yadda ya yi ta yi a baya ya bar jerin kwazazzabai masu karkace-karkace a ƙasa.

Matar da ta yi mana ja-gora ranta a ɓace yake da 'yan jarida. Ta ce baƙi suna ta soke zuwa saboda hotunan da aka ɗauka daga gefe ɗaya.

"Malam, wancan ɓangaren kowace shekara sai ya bushe a wannan wata," ta ce. "Ka dawo a Afrilu, in ka iya buɗe ido a nan ka tambaye ni."

Tana da gaskiya. A shekarar da komai ke daidai ma, ruwan Nuwamba bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ruwan Afrilu ba. Ga kuma tashar lantarki a ɓangaren Zambiya da ke janye wani kaso na ruwan kafin ya iso leɓen gabas. Amma da na tambaye ta ko bana daidai take da sauran shekaru, sai ta yi jim. Ta ce a'a. Bana ya bushe da wuri, zafin kuma ba irin wanda ta saba ba ne. Masu auna kogin ma sun ce an yi shekaru fiye da ashirin ba a ga ya yi ƙasa haka ba, tun farin tsakiyar shekarun 1990.

Ina tsaye a nan sai tunanina ya koma kan bangon Sekuru. Zambezi daga wani ɗan marmaro yake farawa a tudun arewa maso yammacin Zambiya, ya shiga Angola ya dawo, yana karɓar ruwan dubban fadamu da ƙoramu, sannan ya malala a faffaɗan filin Barotse ya yi makonni kafin ya taho. Shi ya sa ruwan da aka yi a Disamba da Janairu sai a Afrilu yake isowa nan da ƙarfinsa. Rumbunta ya kai girman ƙasashe. In ɓangare ɗaya ya gaza wani ya cike. Mafaɗa irin wannan ita ce ta ƙarshe da za ta yi shiru, amma ita duniya ta zuba wa ido, ana ta musu a kan hotonta. Ƙananan da ke kan tsaunuka, waɗanda su ne ke fara nuna alama, babu ma'auni a kansu balle mai ɗaukar hoto. Kuma ita babbar ba komai ba ce illa taron irin waɗancan ƙananan. Wanda ke son ya ga girman farin 2019 can ƙasan kogin ya kamata ya duba, a madatsar lantarki ta Kariba, inda ruwan da ake iya juya injuna da shi ya kusa ƙarewa, abin da ya jefa Zambiya da Zimbabuwe cikin duhun da na kwana a ciki a Bulawayo.

Akwai ɗan kurmi a gaban mafaɗar wanda feshi kaɗai ke raya shi, ɓaure da kanya da dabinon daji a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Ta yamma ganyensa yana ɗigar ruwa. Ta gabas na shafa wani ganye, ƙura ta biyo yatsana.

Na bar ƙasar kwana biyu bayan haka. A Afrilun 2020 Zambezi ya yi toroƙo, Mosi-oa-Tunya ta cika daga wannan gefe zuwa wancan, har ta fi yadda aka saba gani a shekarun baya, a daidai lokacin da annobar korona ta hana kowa zuwa kallo. Na ga masu cewa to ga shi nan, dama hayaniya ce kawai. Ban yarda da su ba, domin ni abin da na gani a tafiyar nan shi ne ƙarancin da yawan duk suna ƙara tsanani, kuma suna bin juna kusa-kusa. A 2023 guguwar Freddy ta yi fiye da wata guda tana yawo a Tekun Indiya, ta ƙare da zaftare tsaunukan kudancin Malawi a kan mutane. A 2024 damina ta yanke a tsakiyarta, Zambiya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a Fabrairu, Zimbabuwe ta bi sahu a Afrilu. Masana da suka bincika sun ce El Nino, wato ɗumamar ruwan Tekun Pasifik da ke jirkita damina a sassan duniya, shi ne babban sanadin wannan farin, sai dai ya sauka ne a kan ƙasar da ta riga ta fi da zafi.

A cikin shekarar ta 2024 na rubuta wa saurayin nan na Chimanimani ina tambayar lafiyar kakansa, na kuma tambaye shi labarin bangon. Ya ce Sekuru yana nan, ƙafa ce dai ta hana shi hawa. Shi ya je ya dubo. Ruwan ya yanke tun watan Yuni. Ya tona yashin har kafaɗa bai taɓa danshi ba, da ya dawo ya faɗa wa tsohon, sai ya ce masa ya koma bayan ruwan farko ya sake tonawa.